Tambaya da Amsa: Jiragen da ke fasa ƙanƙara su kai 'yan yawon buɗe ido ƙarshen duniya

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu guda, wato bidiyon nan da yake ta yawo a waya na wani ƙaton jirgin ruwa mai baƙin jiki da jan sama yana ratsa farar ƙanƙara, daga ƙarshe kuma mutane sun sauko sun riƙe hannun juna sun yi da'ira a kan ƙanƙarar. Na zaɓi tambayoyi shida daga ciki.

Wani makanike daga Panteka a Kaduna ya rubuto: "Malam don Allah wannan jirgin wuƙa ce aka sa masa a gaba ko zarto? Kuma wane irin inji ne a cikinsa da ba ya gajiya?"

To oga, ba wuƙa ba zarto, da nauyi yake aiki. Idan ka lura da goshin jirgin zakaga ba a tsaye yake ba, an kwantar dashi ne ya yi gangare kamar cokali, to idan inji ya tura shi sai gaban ya hau kan ƙanƙarar, nauyin dubban tan ya danna ta ƙasa ta tsage, sai faɗin jikin jirgin ya ture ɓaraguzan gefe da ƙasa. Kamar dai ka taka busasshiyar laka a fadama wadda ta yi ɓawo a sama, kana ɗora ƙafa ta farfashe. Dalili kuwa ita ƙanƙara tana da taurin kai idan ka tunkare ta gaba da gaba, amma idan aka lanƙwasa ta daga sama ba ta da juriya sosai. Idan aka zo inda ta yi tudu, wato inda iska ta haɗa faranti biyu suka hau juna har suka yi kauri na mita da yawa, sai kyaftin ya ja da baya ya ɗauko gudu ya sake hawa, wani lokacin sai an yi haka sau da dama kafin a wuce, kuma mutanen da ke ciki suna jin ƙarar da girgizar har cikin ƙashinsu, barci ma sai wanda ya saba.

Bayan haka akwai dabaru ƙanana da kai makanike zaka fi kowa jin daɗinsu. Akwai ramuka a ƙasan jikin jirgin da ake hura iska ta ciki, kumfar ta taso ta hana ƙanƙara manne wa ƙarfe. Akwai tankokin ruwa dama da hagu, idan jirgi ya maƙale sai a riƙa tura ruwa daga wannan zuwa wancan da sauri jirgin ya riƙa rangaji har ya ƙwaci kansa. Farfela kuma da ƙarfe mai kauri ake yinta saboda tana cin karo da dunƙulen ƙanƙara kullum.

Shi wanda ka gani a bidiyon, bisa dukkan alamu 50 Let Pobedy ne na Rasha, ma'anar sunan shekara 50 da nasara. An fara ƙera shi a 1989 a birnin da yanzu ake kira St. Petersburg, kuɗi suka yanke bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka ajiye aikin, sai 2007 ya fara aiki. Tsawonsa wajen mita 159, kuma ba dizal yake sha ba, tukunyar nukiliya biyu ce a cikinsa suna tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da lantarki, lantarkin ya juya farfela uku, ƙarfinsa ya kai na doki dubu 75. Sai ya yi shekaru yana aiki ba a sake masa makamashi ba, shi yasa ba ya tunanin gidan mai a wurin da babu ko tasha ɗaya. Kuma ka sani ainihin sana'arsa ba ɗaukar 'yan yawo ba ce, aikinsa buɗe wa jiragen dakon kaya hanya a gaɓar arewacin Rasha, lokacin bazararsu ne da aiki ya yi sauƙi ake sa masa fasinja kamar 120 da ɗoriya daga tashar Murmansk a arewacin Rasha. Rashawa sun daɗe a harkar nan, tun a 1899 suka samu jirgin Yermak wanda Admiral Makarov ya sa aka ƙera musu a Ingila, a 1959 suka fito da Lenin, na farko mai nukiliya, yanzu yana ajiye a Murmansk ana shiga kallo, sannan ranar 17 ga Agusta 1977 jirginsu Arktika ya zama na farko da ya isa ƙuryar arewa ta duniya yana tafiya a saman ruwa.

Wata Hajiya daga Abuja ta ce: "Na ga talla iri-iri a intanet kowa na cewa jirginsa na ratsa ƙanƙara, ni da maigida muna sha'awar zuwa. Duk ɗaya ne? Nawa ne kuma ta ina ake bi?"

Hajiya ranki ya daɗe, ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma wannan ita ce maganar da na fi so kowa ya riƙe a shafin yau. Mafi yawan jiragen da ake tallatawa ba masu fasa ƙanƙara ba ne, jirage ne da aka ƙara wa jikinsu kauri don su iya bi ta cikin ɓaraguzai da siririyar ƙanƙarar bana, idan suka tarar da mai kauri wadda ta shekara biyu ko uku sai su juya. Ba laifi ba ne, jirage ne masu kyau kuma da su ake yin kusan duk tafiye-tafiyen Antatika, wato nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, amma kar ki biya kuɗin wani abu ki samu wani. Akwai ma'auni da ƙungiyoyin tantance jiragen ruwa suka yarda dashi, daga PC1 zuwa PC7, ƙaramar lamba ita ce mafi ƙarfi. Yawancin na yawon buɗe ido PC6 ne, wasu 'yan kaɗan PC5, to ki tambayi kamfanin kai tsaye jirginku lamba nawa ne, idan suka fara kewaye-kewaye kin samu amsa.

Na fasinja da aka ƙera musamman don wannan aiki kuma ya kai PC2, shi ne Le Commandant Charcot na kamfanin Ponant na Faransa. An gama shi a 2021 a Norwe, tsawonsa mita 150, yana ɗaukar mutum kamar 245, yana amfani da iskar gas da aka mayar ruwa haɗe da manyan batura, kuma ranar 6 ga Satumba 2021 ya taka ƙuryar arewa. Wani abin burgewa a jikinsa, farfelolinsa suna juyawa kowane ɓangare, har idan ƙanƙara ta yi tsanani yakan juya ya shiga da baya farfelar na niƙe ta tana wanke masa hanya. Sunan kuma na Jean-Baptiste Charcot ne, likita ɗan Faransa mai binciken yankunan ƙanƙara wanda ya rasu a 1936 da jirginsa ya nutse kusa da Aislan. Kafin jirgin Charcot akwai tsohon jirgi Kapitan Khlebnikov, na Rasha da aka ƙera a Finlan a 1981, mai dizal da lantarki, shi ne ya fara zagaye nahiyar Antatika gaba ɗaya da fasinja a kakar 1996 zuwa 1997, ba shi da ƙawa irin ta otal amma waɗanda suka san harkar har yau suna girmama shi. Shi kuma na nukiliyan Rasha, tun da aka fara yaƙin Yukiren a 2022 kamfanonin Turai da Amurka suka janye daga sayar da tikitinsa.

Maganar kuɗi, ki shirya. Zuwa ƙuryar arewa a jirgi irin Charcot ana maganar dala dubu 40 ne zuwa sama ga mutum ɗaya, na Rashan ma kafin yaƙi ya haura dala dubu 30. Tafiyar kwana goma zuwa sha biyu zuwa yatsan Antatika, wato tsinin nahiyar da ya miƙo wajen Kudancin Amurka, a jirgi na yau da kullum ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ita ma dubban daloli ce, ban da tikitin jirgin sama da inshorar da za ta iya ɗauko ki idan rashin lafiya ta taso, wadda kamfanoni ke wajabtawa.

Hanya kuma biyu ce kuma lokacinsu ya saɓa. Kudu ana zuwa daga Nuwamba zuwa Maris, yawanci daga garin Ushuaia a ƙarshen Ajantina, a ratsa mashigin Drake kamar kwana biyu, ruwa ne mai hauka sosai, kuma abin da ba a cika faɗa ba shi ne jirgin fasa ƙanƙara na asali ya fi sauran rangaji a buɗaɗɗen teku saboda cikinsa a zagaye yake, don haka ki nemi maganin jiri da amai wajen likitanki tun daga gida. Arewa kuma daga Yuni zuwa farkon Satumba, da yawa suna tashi daga Longyearbyen a tsibiran Svalbard. Shi Svalbard kansa ba ya neman biza, amma ta Norwe za ki bi, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen mai shiga fiye da sau ɗaya saboda dawowa. Ajantina ma sai da biza. Sannan ki san me kike son gani, farin beya a arewa kaɗai yake, tsuntsun fenguwin kuma a kudu, babu tafiyar da za ta haɗa miki su.

Wani matashi daga Jos: "Ba ya nutsewa ne? Ni fa tsoro nake ji, na tuna labarin Titanic."

Ƙanena tsoronka da hujja, amma ka raba abu biyu. Titanic a 1912 dutsen ƙanƙara ya buga, wanda ya ɓallo daga tudu yana yawo a teku kuma kusan kashi tara cikin goma nasa na ƙarƙashin ruwa, wannan babu jirgin da ke tunkararsa ko mai nukiliya ne, kauce masa ake yi. Wadda ake fasawa ita ce ruwan teku da ya daskare ya yi shimfiɗa, kaurinta mita ɗaya zuwa uku.

Kuma eh an taɓa nutsewa. Ranar 23 ga Nuwamba 2007 jirgin Explorer, wanda tun 1969 yake wannan aiki, ƙanƙara ta huda shi kusa da tsibiran Shetland ta Kudu ya nutse, mutum 154 suka shiga ƙananan kwale-kwale suka yi sa'o'i cikin sanyi kafin jirgin Nordnorge ya kwashe su, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba saboda teku ta yi lafiya a daren. Hukumar Laberiya, wadda jirgin ke ɗauke da tutarta, ta yi bincike ta ce kyaftin ya ɗauka sabuwar ƙanƙara ce mai laushi alhali tsohuwa ce mai tauri, ya shige ta da gudu. A ƙarshen 2013 kuma Akademik Shokalskiy ya maƙale a gabashin Antatika, jirgin Sin mai suna Xue Long ya zo ceto, jirginsa mai saukar ungulu ya kwashe mutum 52 ranar 2 ga Janairu 2014, sai shi ma Xue Long ɗin ya maƙale, da iska ta juya ne bayan kwanaki suka fita su biyun. Tun 1 ga Janairu 2017 akwai dokar ƙasa da ƙasa ta musamman kan jiragen da ke shiga waɗannan ruwaye, ta shafi ƙira da kayan ceto da horon ma'aikata. Ni dai a ganina kyaftin ɗin da ya ce wa fasinja yau ba za mu shiga ba, ya jure ƙorafin waɗanda suka biya maƙudan kuɗi, shi ne wanda ya kamata ka nema.

Wani malami daga Damagaram ya tambaya: "An ce can rana ba ta faɗuwa wata shida. To Musulmi ya zai yi da salla da azumi, kuma ina alƙibla?"

Allah gafarta Malam, haka ne, a daidai ƙuryar arewa rana tana fitowa wajen 20 ga Maris ba ta faɗuwa sai ƙarshen Satumba, tana zagaya sama ne kawai, kuma duk tafiye-tafiyen nan a cikin wannan lokaci ake yinsu. Kai ka fi ni sanin hadisin Dujal da ke cikin Muslim, inda sahabbai suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yinin da zai yi tsawon shekara ko sallar yini ɗaya ta isa, ya ce a'a a ƙaddara masa lokacinsa. A kan wannan malamai suka gina cewa salloli biyar suna nan a cikin kowane awa 24, wasu suka ce a bi lokacin gari mafi kusa da ake bambance dare da rana, wasu suka ce a bi lokacin Makka, kuma Musulmin garin Tromso a arewacin Norwe da yawa lokacin Makka suke bi idan ranar ta ƙi faɗuwa. Matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru da na ajiye azumi ya rama. Alƙibla ita ce mai ban sha'awa, idan kana tsaye a ƙuryar arewa duk inda ka juya kudu kake kallo, kamfas ma ba ya da amfani sosai a can, to sai ka nemi layin da ya gangara ta Makka, wajen digiri 40 gabas, ma'aikatan ɗakin tuƙi za su iya nuna maka da na'urarsu. Wanda zai tafi dai ya zauna da malaminsa kafin ya tashi ya tsayar da wanda zai bi. Abinci kuma a sanar da kamfani tun wajen biyan kuɗi, kifi da kayan lambu ba sa yankewa.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Maiduguri: "Yaya, mu Afirka muna da irin wannan jirgin kuwa?"

Muna da shi ƙanwata, kuma ya yi abin a zo a gani. S.A. Agulhas II na Afirka ta Kudu, an ƙera shi a Finlan a 2012, mazauninsa Cape Town, na bincike ne da kai kaya ga masana a tasharsu ta Antatika da tsibiran Marion da Gough, ba na 'yan yawo ba. Shi ne ya shiga tekun Weddell a gefen Antatika, har ranar 5 ga Maris 2022 aka gano Endurance, jirgin katako na mai binciken yankunan ƙanƙara Ernest Shackleton da ƙanƙara ta matse ta murƙushe a 1915, yana kwance a zurfin mita 3,008 har sunansa ana karantawa a jiki. Kyaftin ɗin da ya tuƙa Agulhas a wannan tafiya ɗan Afirka ta Kudu ne, Knowledge Bengu. Afirka ta Kudu kuma tana cikin ƙasashe 12 da suka fara sa hannu a yarjejeniyar Antatika a 1959. Idan kina karatun kimiyyar yanayi ko ta ruwa, ta wannan ƙofar ɗalibai ke zuwa can ba tare da dala dubu 40 ba, ki sa ido kan guraben karatun gaba da digiri a jami'o'in Afirka ta Kudu.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta a Maradi: "Wai ba ɓarna ba ce wannan? Ana kukan ƙanƙara na narkewa su kuma suna zuwa suna farfasa ta don nishaɗi."

Malama tambayarki ta taɓa ni domin ni ma abin yana damuna. Ita fasawar kanta ba ita ce babbar matsala ba, layin da jirgi ya buɗe ɗan siriri ne a cikin miliyoyin murabba'in kilomita kuma yakan rufe a bayansa. Matsalar tana wajen hayaƙi da yawan jama'a. Mutum ya taso a jirgin sama daga wata nahiya, ya hau jirgin ruwa mai cin mai na sati biyu, kuma baƙin toka da ke fita daga bututu idan ya sauka a kan farar ƙanƙara yana sa ta shan zafin rana ta narke da wuri. Yankin arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya tun 1979, a Satumbar 2012 ƙanƙarar tekun ta ragu zuwa wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da tauraron ɗan adam ya taɓa aunawa. Abin takaicin shi ne wannan raguwar ce take sa tafiyar ta yi sauƙi har kamfanoni ke ƙaruwa. Lars-Eric Lindblad, wani mai kamfanin yawon buɗe ido, ya kai ayarin 'yan yawo Antatika a 1966 su 'yan kaɗan, yanzu a kaka ɗaya sun haura dubu 100.

Akwai dokoki kam, kuma wasu suna aiki. An hana baƙin mai mai nauyi a ruwan Antatika tun 2011, a arewa ma hanin ya fara a Yulin 2024 sai dai an bar wa wasu jirage rangwame har 2029, wanda ni ina ganin ya yi tsawo. Ƙungiyar kamfanonin da ke kai mutane Antatika, IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana bin ƙa'idar kar a sauke fiye da mutum 100 a wuri ɗaya lokaci guda, jirgin da ya ɗauki fiye da 500 kuma ba ya sauke kowa sai kallo daga nesa. Ana wanke takalma da magani kafin sauka da bayan dawowa, ana barin aƙalla mita 5 tsakanin mutum da dabba, kuma saboda murar tsuntsaye, wadda ta isa yankin a ƙarshen 2023, an hana zama ko durƙusawa ko ajiye jaka a ƙasa. Sai dai shiga ƙungiyar ba dole ba ne, kuma har yanzu babu wata doka da ta ce ga iyakar adadin mutanen da za su shiga nahiyar a shekara, ƙasashen yarjejeniyar suna ta tattaunawa a kai ba su gama ba. Ni ra'ayina a sa iyakar, kuma a fifita ƙananan jirage masu ɗaukar masana tare da fasinja, kamar yadda Charcot yake da ɗakunan gwaji a ciki.

Idan za ki yi wa ɗalibanki bayani a aji, ki sa ƙanƙara a kofin ruwa ki yi alama a bakin ruwan, idan ta narke za su ga ruwan bai tashi ba, haka ta saman teku take. Sai ki ɗora wata a kan dutse a cikin kwano ta narke ta gangara, nan ruwan zai tashi, wannan ita ce ta tudun Girinlan da Antatika, kuma ita ce ke ƙara wa tekun da ke cin gaɓar Legas da Kwatano.

Masu tambaya kan jiragen ƙarƙashin teku, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba insha Allahu.